Shahon da Aka Rataya wa Gwangwani

Duk wanda ya taɓa kai rediyo ko waya gyara a bakin tashar Kalgo ya san Sirajuddeen, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai sunkuyar da kai, wanda za ka zazzage masa masifa a kan cajar da kai da kanka ka ƙona, ya saurare ka har ka gaji, sannan ya ce, "To, a yi haƙuri." Mutanen Kalgo suna yabonsa da wannan hali. Sukan ce Siraju ba shi da bakin musu, ɗan albarka ne. Yabon banza ke nan, irin wanda ake yi wa jaki don a ƙara masa kaya, kuma shi ya kai gidan Siraju inda ya kai shi.

A Diggi aka haife shi, gidan manoman shinkafa. Ko famfara bai yi ba mahaifinsu ya rasu, gandu ya koma hannun babban wansa, Abu, wanda a lokacin har ya yi aure. Mahaifiyarsu, Inna Kubura, Bafulatana ce ta wajen Gwandu, ta kuwa shayar da autanta kunya tare da nono: ba a kallon babba cikin ido, ba a tsallake maganarsa, in ya ce rana daga yamma take fitowa sai ka ce wataƙila kai ne ba ka duba da kyau ba. A faɗi gaskiya, Yaya Abu ba mugu ba ne. Shi ya ciyar da Siraju, shi ya ɗora shi a bayan keke ya kai shi Gwandu koyon gyaran rediyo, shi ya yi masa aure. Aibinsa ɗaya ne, sai dai babba ne: tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa zargin akwai abin da bai sani ba.

A Gwandun nan ciwon jirgi ya kama Siraju. Bayan shagon maigidansa akwai mahauta, sama da mahautar kuwa kullum shirwa na shawagi, ta buɗe fukafukai ta yi ta zagaye ko kaɗa su ba ta yi. Kowa na kallon nama, shi yana kallon shirwa. Shekaru bayan haka, ya riga ya buɗe nasa shagon a Kalgo, sai ya ga bidiyo a wayar wani: mutanen wata ƙasa suna tuƙa ƙananan jirage marasa inji, suna tsaye a ƙasa da rimot a hannu. Daga ranar bai sake zama lafiya ba. Na farkon da ya ƙera da falankin silin ya yi shi, ya jefa, ya faɗo kamar an yar da turmi. Na biyu da na uku suka bi sawu, 'yan tasha suna dariya har da riƙe ciki.

Abin da ya koya daga wannan faɗuwa shi ne abin da kowane zabo ya sani. Zabo jiki gare shi, fiffike kaɗan. In zai tashi sai ya sheƙa da gudu, ya yi ta fafur-fafur da ƙarfin tsiya, ya tsallake shinge ya dira. Shirwa kuwa in ka ɗauke ta a hannu ba ta kai kazar gida ba, ga fiffike har fiffike. Ba nauyin kaɗai ne magana ba, ba kuma faɗin fiffiken kaɗai ba. Maganar ita ce, wane kaso na nauyin kowane tafin hannu na fiffiken yake ɗauke da shi. In kason kaɗan ne, jirgi zai yi tafiyarsa a hankali, ya juya a ɗan ƙaramin fili, ya hau ɗumin da ke tashi daga ƙasa in rana ta gasa ta, ya yi ta yin sama ba inji ba mai. In kason ya yi yawa, dole ya yi gudu kafin iska ta riƙe shi, juyinsa ya yi faɗi har ya fice daga cikin ɗumin, kuma da zarar ka rage masa gudu sai ya saki iska ya kifo da ka. Tun daga nan Siraju ya zama marowacin nauyi. Ya koma farin fom na cikin kwalin firji, da tsinken gora da ya fere har ya kusa ƙarewa, da salatef shafi ɗaya. In gam ya yi tudu sai ya bi shi da reza ya kankare. Rimot da 'yan na'urorin da ke juya jela kuwa, sai da ya yi odarsu daga nesa, ya jira har ya fara fid da rai kafin suka iso.

Matarsa Sadiya, 'yar Gwandu ce, ba ta taɓa hana shi ba, ko da yake takan ce ita kaɗai ce a unguwarsu ke share ɓarɓashin fom maimakon ƙaiƙayi. Ba jirgi ne ya dame ta ba, tukunya ce. Shagon gyara cefane kawai yake kawowa. Abincin gidan daga kason Siraju na shinkafar gandu yake fitowa. To, bara tsuntsayen jan-baki suka sauka wa fadamar Diggi, shinkafar rani tana cikin nono, suka tsotse ta tas. Wanda bai san jan-baki ba zai raina shi, ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma in suka taso sai rana ta dushe. Rumbu ya tashi wayam. Sadiya ta kwashi 'yarsu Mufida da jaririnsu Kamal ta koma gidan ubanta, ta cinye damina a can. Uban bai ce uffan ba, abin da ya fi zagi ciwo. Sai da zai sallame ta ya aiko wa Siraju da magana ɗaya: in aka sake dawo masa da su don yunwa, to sun zauna ke nan, sai ranar da ya ga rumbu da idonsa.

Don haka da aka dasa shinkafar bana, Siraju ya ajiye wasa ya ƙera jirgi mai siffar shaho, don ya razana tsuntsayen. Fukafukansa sun fi tsawon hannuwan mutum in ya buɗe su, amma in ka ɗauke shi sai ka rantse faifai ne. Da gangan ya yi shi haka, don jan-baki da hantsi da la'asar suke sauka, daidai lokacin da ɗumin ƙasa ba shi da ƙarfi, sai abu marar nauyi ne zai iya hawansa. Ya yanyanka robar cikin tayar babur ya ƙuƙƙulla, ya ɗaure ta a turke, ya haɗa mata dogon zaren kamun kifi. Sai ya maƙala shahon, ya ja da baya har robar ta miƙe, ya saki. Shahon ya cilla sama, zaren ya zame, daga nan kuma sai shi da iska da yatsun Siraju.

Abin ya yi aiki. Da inuwarsa ta gifta kan shinkafa, garken jan-baki suka tashi fir, suka karkata can gaba. Ba a ce ya kore su daga duniya ba. Maƙwabtan gona ma sun yi ƙorafin ya turo musu rabonsa. Amma shinkafar gandu ta fitar da kai, ta yi nono, ba a taɓa ta ba. Siraju ya fara cin tuwo yana jin ɗanɗanonsa. Ranar da iska ta yi ƙarfi har tana mayar da shahon baya, yakan cusa masa 'yar dalma irin wadda masunta ke ɗaura wa bakin raga, daidai ƙarƙashin fiffike, don ya sami gudun ratsa iskar. In ta lafa ya cire. Yaya Abu yana tsaye ya ga wannan. Bai tambayi dalili ba, don babba ba ya tambaya.

A gidansu, duk abin da ya shiga aikin gandu, garma ce ko injin ban-ruwa, a ɗakin babba yake kwana. Da shahon ya yi suna, har ana tahowa kallo daga wasu ƙauyuka, Yaya Abu ya ce ai shi ma ya zama kayan gandu. Siraju ya miƙa shi da hannu biyu. Wata Juma'a bayan tashin hantsi ya koma Kalgo don ya yi cajin batir ya leƙa shago, ya bar wa 'yan gida tsaron la'asar. Washegari da ya iso gona sai ya tarar da taro: mai unguwa, da surukin Yaya Abu da ya taso takanas daga Dodoru, da maƙwabta tsaitsaye. A tsakiya an shimfiɗa tabarma, ga shahon a kanta.

Da farko bai gane shi ba. An laɓta masa fentin mai ruwan ƙasa, shafi a kan shafi, an zana masa gashi ɗaya bayan ɗaya, an rubuta sunan Yaya Abu da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin fiffike. A cikinsa kuma an huda fom an zura wayar ƙarfe, an rataya gwangwanayen madara, kowanne da tsakuwa a ciki.

"Siraju, zaka ka ga gyaran da anka yi ma shahonka," in ji Yaya Abu, yana fara'a har kunne. "Ina anka taɓa ganin shaho hwari hwat? Kuma tun kakannimmu tsuntsu da ƙara aka korar shi. Naka shina tashi shiru kamar ɓarawo. Yanzu in ya girgiza, Diggi dut sai ta jiya."

Siraju ya durƙusa ya ɗauka. Fentin bai gama bushewa ba, ya manne masa a yatsu. Hannunsa ya gaya masa komai tun kafin ya miƙe: wannan ba shirwa ba ce kuma, zabo ne.

"Yaya," ya ce, idonsa a ƙasa, "kamar ya ɗan yi nauyi."

"Nauyin mi? Gwangwanin madara?" Yaya Abu ya waiwayi baƙinsa suka yi dariya tare. "Ba ni nig gan ka da idona kana cusa mai dalma rannan ba? Abin da yaɗ ɗauki dalma, gwangwani za ya gagare shi?"

Amsar tana bakin Siraju, a shirye, ba ta fi numfashi biyu ba. Dalmar nan ba ta kai ƙwayar dabino ba, ranar iska kawai ake sa ta, yau kuwa ko ganye ba ya motsi. Fentin kaɗai ya ninka ta sau ba adadi. Robar da aka auna don marar nauyi ba za ta kai wannan sama ba. Ya san in shahon ya faɗi ba a samun wani kafin girbi, ya san abin da surukinsa ya aiko daga Gwandu, ya san komai. Amma faɗin haka a gaban mai unguwa da baƙon Dodoru daidai yake da cewa Yaya Abu bai san abin da yake yi ba. Wanda ya ɗora shi bayan keke. Wanda ya yi masa aure.

"Ko mu bari rana ta ɗan ɗaga, Yaya."

"Mutane sun baro aikinsu. Tashe shi."

"To, Yaya."

To, Yaya! Abin takaici, abin haushi. Da a ce bai sani ba ne, da an ce rashin sani ya fi dare duhu, a yi masa uzuri. Amma mutum ya ga rami da idonsa, ya ɗauki abincin 'ya'yansa ya jefa ciki don kada fuskar wansa ta ɗan canza a gaban baƙo, sannan a kira wannan ladabi? An ce bin na gaba bin Allah, ba a ce ka bi shi ka rufe baki har cikin rijiya ba. Su ma dattawan da ke tsaye, ba wanda ya ce a tambayi mai abin. Sun ga fenti yana ƙyalli, ya ishe su.

Ya maƙala zaren, ya ja da baya fiye da yadda ya saba, har robar tana kuka, ya yi bisimilla ya saki. Shahon ya tashi, ba za a ce bai tashi ba. Ya yi sama da ƙyar, gwangwanayen suna kacau-kacau, taron ya ɗauki kabbara. Ko rabin inda ya saba kaiwa bai kai ba zaren ya zame. Siraju ya kwantar masa da kai don ya sami gudu, ya kuwa samu, ya yanki fadamar kamar an harbo shi, yana zubar da tsawo. Akwai wani faƙo a gefen gona inda ɗumi ke fara tashi kowace safiya. Nan ne kaɗai abin da ya rage. Ya kai shi can, ya ji ɗumin ya ɗan taɓa fiffiken hagu, ya karkata shi don ya zagaye a ciki kamar kullum. Amma fili irin wanda tsohon shahon ke juyawa a ciki ya yi wa wannan kaɗan. Da ya matsa masa, gudun ya ragu, fiffike ɗaya ya saki iska. Ya wuntsila, ya yi juyi biyu da ka, ya faɗa cikin ramin da injin ban-ruwa ke zuƙa.

Siraju ya shiga ruwan har ƙugu ya tsamo shi. Fiffiken ya karye gida uku, wannan da sauƙi, fom ne. Amma na'urorin sun sha ruwa da batir a jikinsu, har ƙaurin ƙuna suke yi.

"Ashe abin ba shi da ƙwari," in ji Yaya Abu, bayan ya daɗe yana kallo. "Allah shi kyauta. Da ma kayan ga na zamani haka suke."

Baƙon Dodoru ya ce haka ne. Mai unguwa ya ce haka ne. Aka naɗe tabarma.

Da Siraju ya shiga gida a Kalgo da ɓaraguzan a buhu, Sadiya tana tankaɗe. Ta dubi buhun, ta dubi fentin da ke hannunsa, ya gaya mata yadda aka yi bai rage komai ba.

"Ka san za ya hwaɗi?"

"Na sani."

"Tun kahin ka sake shi?"

"Tun da niɗ ɗauke shi."

"To mi kac ce ma Yaya?"

Ya sunkuyar da kai yana kankare fentin hannunsa.

"Siraju, magana nika yi ma. Mi kac ce mai?"

"Nic ce to."

Ta ajiye rariyar a hankali. Da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi. "Kai ka ji kunyar Yaya," ta ce. "Ni wa za ya ji ma kunyar shiga gidan babana da ɗiya biyu da ƙullin tsumma? Kunyar taka ni ka biyanta, ba kai ba."

Ya yi odar wasu na'urorin a ranar, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Jan-baki ba sa jiran kaya su iso daga nesa. Da suka ga sama ta yi fayau ba inuwa, suka dawo da danginsu da dangin danginsu. Siraju ya rufe shago ya tare a gona. Ya ɗaura igiyoyi daga kusurwa zuwa kusurwa, ya rataya musu gwangwanaye, ya hau rumfar tsaro yana ja yana ihu. Tun fitowar rana har faɗuwarta ana jin muryarsa daga bakin hanya, haa! haa!, yana jifa da majajjawa, yana zagin tsuntsaye da kalmomin da ba wanda ya san ya iya su. Duk abin da ya haɗiye tun yana yaro a kan jan-baki ya amayar da shi. Su kuwa ko a jikinsu. In ya kore su gabas su sauka yamma, har suka saba da ƙarar suna ci a gindin igiyar. Mutumin da ya kasa furta kalma ɗaya a hankali, ga shi yana yayyaga maƙogwaro a banza. Muryar ta dushe, ta koma kamar ta tsohon zakara, wata safiya kuma ya buɗe baki ya ji ba komai sai iska.

Aka yi girbi, in girbi ne sunansa. Zangarniya tsaye fara sol, ka murza ka sami ƙaiƙayi. Abin da aka sheƙe aka raba, kason Siraju a bayan babur ɗaya ya taho da shi, bai ko ji nauyinsa a hanya ba. Sadiya ta auna da ido. Ta lallaɓa shi da gauraye da dabara har ya ƙare, sannan ta wanke kayan yara ta ɗaure.

Ranar tafiyar ya raka su tasha, ƙofar shagonsa ma ana hangowa. Muryar ba ta dawo ba. Mai magani ya ce ya yayyaga wani abu a ciki, sai a hankali. Ya ɗora ƙullin kayan a bayan bas ɗin Gwandu, ya miƙa Kamal ta taga. Mufida ta riƙe masa riga tana tambayar yaushe zai zo ɗaukarsu, ya shafa kanta kawai. Ana cikin haka sai ga Yaya Abu a kan babur, da ɗan ƙunshin busasshen kifi ya kawo wa yara guzuri, don shi dai wajen zumunci ba a bar shi a baya ba. Ya gaisa da Sadiya, ya ce ta gaishe da mutanen Gwandu, ta yi haƙuri, shekara ce ta zo da haka. Sannan ya dafa kafaɗar ƙanensa.

"Na yi tunane, Siraju. Baɗi ka ƙera muna wani. Amma wanga karon ka yi shi da katako mai ƙwari, wanda ka iya ɗaukar gwangwani. Wancan rashin jiki yak kashe shi."

Wani abu ya taso wa Siraju tun daga tafin ƙafa. Karo na farko a rayuwarsa ya ɗaga kai ya dubi wansa cikin ido. Sadiya tana kallo ta taga, ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, ta ga leɓensa sun buɗe, har ta ɗan ɗago daga kujera. Ya tattara duk abin da ke ƙirjinsa ya turo. Ba abin da ya fito sai huci.

Yaya Abu ya jira kaɗan, ya ga ba a ce komai ba, ya yi murmushi ya bubbuga masa kafaɗa.

"Madalla. Na san ba ka musu."

Kwandasta ya ja ƙofa ya buga bayan mota. Sadiya ta gyara wa Kamal zama a cinyarta, ta mai da fuskarta gaba.